Tsohuwar Kwamfutar Hajiya da Mai Yi Mata Faci

Ni makanikin janareto ne. A aji uku na firamare na yi sallama da malamai, su ma kuma ban ga sun riƙe mini riga ba. Amma a Jimeta, daga Damilu har bakin kasuwa, in janareto ya fara tari ni ake aika wa. Sai Allah da ikonsa ya haɗa ni da mace mai ilimi. Hajiya Bafulatanar unguwar Adarawo ce a Yola, ta yi aikin buga takardu a sakatariya har ta yi ritaya. In tana bugu, yatsunta ji kake kamar ruwan sama a kan kwano. Yadda aka yi ta yarda ta aure ni, wannan tambaya ce da danginta ke yi wa juna har gobe.

Da ta ajiye aiki ta ce ba za ta zauna tana korar ƙuda ba. Muka fasa katangar gaban gidanmu a Shagari Low Cost muka fitar da ɗan shago. Ta sayi kwamfuta ta hannu, irin mai ƙaton kai da akwati a ƙarƙashin tebur, da wata firinta mai nauyin buhun masara wadda ke fitar da katin biki mai kauri ba ta ko nishi. Aiki ya rabu biyu, ita da bugu, ni da wuta. Wutar gwamnati a unguwarmu baƙuwa ce, ta leƙo ta gaisa ta wuce. Saboda haka na kafa janareto a bayan shagon, daidai tagar da take zama, na kafa benci kusa da shi. In ta kunna kwamfuta, ni na kunna ta. In na yi fushi, ko wasiƙar neman aure ba za a buga ba.

Mutum ya tsufa, 'ya'ya sun watse, ido ya fara gajiya, masu janareto sun fara kiran yara masu sababbin kayan aiki. Abin da ya rage mini a duniya shi ne wannan shagon yana buƙatata. Tsorona ɗaya ne, kada wata rana Hajiya ta buɗe shago da safe ta rufe da yamma ba ta nemi inda nake ba.

Shekarar da mutanen Mubi da Michika da Madagali suka kwararo Yola gudun hijira, kowane gida ya cika, namu har zaure an shimfiɗa tabarmi. Shagon ma ya cika. Malaman da makarantunsu suka watse, ɗaliban da suka gudo da aikin kammala karatunsu a aljihu, kowa da ɗan filashinsa na adana takardu rataye a wuya kamar laya. Hajiya ba ta iya cewa a'a. Wanda duk ya miƙo, sai ta soka a kwamfuta. Ba a daɗe ba cuta ta shiga. Wata safiya ta kunna, duk takardun mutane sun ɓuya, sai inuwarsu. Ka danna, ba komai. Na ga matar da ba ta yi kuka ba ranar da aka cire mata haƙori tana share ido da bakin gyale.

Na ɗauko sukudireba na ce a ba ni wuri.

Ta ce, "Malam, don girman Allah ajiye. Ba fulogi ne ya jiƙe ba."

Wani malamin makaranta ɗan Numan da ke jiran aikinsa ya ce ya san wani a kusa da kasuwa. Da azahar sai ga shi ya dawo da mutumin. Ibo ne, fari-fari, da ɗan tumbi, da furfura kaɗan a gefen kunne irin wadda ke ƙara wa mutum kwarjini, ba irin tawa da ta mamaye kai kamar gonar auduga ba. Yana shigowa ya dubi Hajiya ya ce, "Jam na, Adda?" Ta ɗago kai da sauri ta amsa, "Jam koo ɗume!" Ashe a Jimeta aka haife shi, Fulatanci a bakinsa kamar ruwa. Ni da na yi shekaru ina auren Bafulatana, ji nake yi, mayarwa ce ke gagarata. Sannan ya juyo wurina ya rusuna ya ce, "Bappa, sannu da gida."

A ji mini. Ita yayarsa, ni baffansa. Daga shigowarsa ya tsofar da ni ya bar ta.

Ya zauna a kujerarta ya yi ta danne-danne, kafin la'asar takardun mutane suka dawo. Hajiya ta tafa hannu ta ce, "Kai, Injiniya, Allah ya yi maka albarka!" Injiniya. Ni da na farke cikin janareto iri-iri na mayar, mafi girman sunan da na taɓa samu shi ne Baba mai janareto.

Ya ce ai ba a gama ba, ya yi mana bayani. Wai abin da ke tuƙa kwamfutar daga ciki, manhajar da komai ke hawa kanta, ta tsufa. Tana da ƙofofi da ramuka da ɓarayi ke ganowa kullum. Da, kamfanin da ya yi ta yakan aiko da faci ta intanet a toshe duk ramin da aka gano. To a wannan shekarar kamfanin ya ce ya wanke hannunsa, mai so ya sayi sabuwa.

Na ce, "To a sa mata sabuwar mana."

Ya ce, "Bappa, wannan kwamfuta ba zai ɗauka ba. Kamar ka ɗora wa jaki kayan tirela ne. Kuma firinta ɗin Adda, da tsohon kawai yake jin magana."

Amma ya ce akwai dabara. Injunan cirar kuɗi na bankuna da irin wannan tsohuwar manhaja suke aiki, su kuma kamfani bai yanke musu faci ba, don manya ne. Zai rubuta wani abu a cikin kwamfutar Hajiya, in ta je gaban kamfani ta ce ita ma injin banki ce, sai a ba ta rabonta. Gaskiya wannan ya burge ni, ban dai nuna ba. Kwamfutar da ke buga katin suna da sanarwar ɓatan akuya, ga ta can tana bin layin manya da babbar riga ta aro.

Daga nan ya zama kowane wata sai ya zo. Shi zai sauko da facin a shagonsa inda intanet ke da ƙarfi, ya duba shi, ya zuba a nasa filashin, ya hau keke napep ya kawo. Sharaɗi ɗaya ya kafa, kuma ni ya kafa wa. In an fara sa faci, kada wuta ta ɗauke ko da ƙiftawar ido, in ba haka ba kwamfutar na iya sumewa ba ta farfaɗo ba. Kuma abin ba ya sauri. Tsohuwa ce, sai ta haɗiya, ta huta, ta kashe kanta, ta tashi, ta sake haɗiya.

Kowa ya san zafin Yola. Su biyu suna ciki, fanka na kaɗa su, fankar da ni nake juya ta. Ni ina baya, rana a ka, hayaƙi a hanci, hannuna a kan janareto kamar mai jinyar mara lafiya. Ba abin da suke yi, don faci ba ya son a taɓa komai, sai jira. Ta taga ina hango bakinsu yana motsi, ina ganin Hajiya tana dariya har tana dafe tebur, amma ƙarar injin ba ta bari in ji ko kalma. Ta dama masa kunun gyaɗa ta zuba a kofin tangaran. Nawa a kofin roba ake miƙo shi ta taga, wai hannuna da baƙin mai.

Ba na zargin matata da komai, Allah shaida. Shi ma mutumin kirki ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da bam ya tashi a kasuwa ya kwashe iyalinsa ya kai su Gabas, shi ya dawo ya buɗe shago, ya ce a nan aka binne cibiyarsa. Ko a watannin da kowa ke tsoron taro da cunkoso, bai taɓa fashin kawo facin nan ba. Mutum irin wannan ta ina za ka kama shi? Na nemi aibinsa har na gaji, abin da na samu kawai shi ne yana sa barkono da yawa a ƙosai.

Na gwada shiga hirar. Wata rana na cika tanki na wanke hannu da omo na shigo na zauna. Suka juyo suna kallona.

Na dubi allon kwamfutar na ce, "Injiniya, ina ganin facin yau bai kai na wancan watan kauri ba."

Ya ce, "Haka ne, Bappa, idonka yana da kyau."

Hajiya ta ce, "Malam, ba a ma fara ba. Hoton bango kake kallo. Kuma ji injinka can yana canja murya."

Ba ya canja komai. Amma na tashi na fita.

Haka muka yi shekaru. Wata rana na raka shi bakin titi neman keke, na tambaye shi cikin dabara, wai wannan faci yaushe zai ƙare, kada mu yi ta wahalar da shi. Ya ce ai tsohuwar kwamfuta haka take, sai da mai kula. Sababbi kuwa da kansu suke ɗauko facinsu su sa, ba ruwansu da kowa.

Ba ruwansu da kowa. Na dawo gida ina juya wannan magana kamar alewa a baki.

Ina da babur da ke jingine a gindin dalbejiya tun da aka hana hawa a cikin gari, kaji har sun fara yi masa ƙwai a ƙarƙashi. Na wanke shi, na gyara shi, na sami wani ɗan kasuwa a Damilu da ke son aika wa ƙaninsa ƙauye, shi kuma yana da laftof sabuwa fil da ɗansa ya kawo masa bai san abin da zai yi da ita ba. Muka yi musaya, kowa yana ganin ya cuci ɗan'uwansa. Na naɗe ta a cikin sabon zane na ajiye wa Hajiya a kan tebur.

Ta buɗe, ta dube ni, ta sake dubanta. Ta ce, "Malam, ashe kana da hankali haka?" A bakin Hajiya wannan waƙar yabo ce. Ranar a kofin tangaran na sha kunu. Aka tura tsohuwar kwamfuta lungu aka lulluɓe ta da tsohon labule, ni da kaina na lulluɓe ta, har da ɗan shafa mata kai.

Washegari na je bencina na zauna ina jiran a nemi wuta. Hantsi ya yi, ba a nema ba. Na leƙa ta taga, Hajiya tana ta bugu, allo yana haske, janareto kuwa a kashe. Na zagayo na ce, "An kawo wuta ne?"

Ta ce, "A'a, ai tana da batir a cikinta. In ta sha da safe sai yamma."

Ban san da wannan ba. Ɗan kasuwar bai faɗa mini ba, ni kuma ban tambaya ba. Kafin mako ya zagayo Injiniya ya kawo wani ɗan faifan sola ya ɗora a kan kwano, ya ce wannan ya ishe ta har da fanka, Bappa ya huta da shaƙar hayaƙi. Har da cewa ya tausaya mini. Shi kuwa maimakon sau ɗaya a wata, sai ya koma zuwa a kai a kai, don komai na sabuwar a wani wuri yake, sai an nuna wa Hajiya. Na sayar da babur na sayo wa kaina ritaya, na ƙara masa ranakun aiki.

Abu ɗaya na samu. Da janareto ya yi shiru, sai na fara jin hirar tasu daga benci. Na kasa kunne ina jiran manyan maganganun masu ilimi. Ashe kan hawan jininsa ne, da gwiwarta, da tsadar takarda, da 'yarsa da ke son auren wani da bai kwanta masa ba. Dariyar kuwa, in ta tashi, labarina ne. Yadda na taɓa gyara janareton wani alhaji har ya fi da ƙara, na ce masa alamar lafiya ce. Yadda na je gaishe da iyayenta da Fulatancin da na haddace a hanya, na gaishe da surukina da gaisuwar da ake yi wa mai jego. Tana ba shi tana shaƙewa da dariya, shi yana cewa, "Adda, bari, cikina!" Shekara da shekaru ina ƙona fetur a rana don a ji daɗin ba da labarina a inuwa. Na rasa ko in ji daɗi ko in shiga in kifar da kunun.

Sabuwar kuwa ba ta daɗe ba ta nuna halinta. Ta ƙi firinta ƙememe, ko gaisawa ba sa yi. Katin biki sai Hajiya ta tsara a nan ta aika kasuwa a fitar, rabin riba ya tafi a keke. Ga shi facin nata ba ta neman izini. Ana tsakiyar aiki, mai kati yana tsaye biki gobe, sai allo ya juye ya ce a jira. Ta cinye data, ta cinye lokaci. Na ji Hajiya tana ce mata, "Ke wace irin marar kunya ce?" Zuciyata ta yi sanyi kamar an zuba mata ruwan randa.

Sai dai Hajiya ba za ta ce a dawo da tsohuwar ba, don kada ta raina kyautata. Ni kuma ba zan ce ba, don kada a gane ni. Muka yi ta zagaye juna. Daga ƙarshe na sa hula na hau keke na tafi shagon Injiniya, karo na farko a rayuwata.

Na same shi cikin tarin matattun kwamfutoci yana cin gyaɗa. Ya share mini kujera. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi iyali, na tambayi kasuwa, sannan na ce, wai tsohuwar nan, in an tashe ta, zai ci gaba da kawo mata facin?

Ya dube ni ya yi murmushi. Ya ce, "Bappa, janareto ya yi kewarka ko?"

Na ce, "Firinta nake tausayi."

Ya ce to, amma in ji gaskiya. Dabarar injin banki ta zo ƙarshe, su ma kamfani ya ce ya gama da su. Akwai ragowar facin da ya tara, zai sa mata, daga shi babu wani, ko wa ka sani. Bayan nan duk ramin da ɓarayi suka gano, a buɗe zai zauna har abada.

Na ce, "To mutuwa ke nan."

Ya ce a'a, sai dai kulle. A cire mata intanet gaba ɗaya, kada ta sake leƙa waje. Kuma kada filashin kowa ya sake shiga jikinta. A ware guda ɗaya na gida, wanda zai riƙa ɗauko aiki daga sabuwar bayan ita ta bincike shi, ya kai wa tsohuwar ta fitar a firinta. Ya ce, "Matsalar, Adda ba ya iya hana mutane. In ɗalibi ya marairaice, zai karɓa. Wannan ba aikin injiniya ba ne, aikin mai taurin kai ne."

Na ce, "An samu."

Ya zo ya sa mata facin ƙarshe, ni ina baya da injina, rana tana dukana, ban taɓa jin daɗin zafin Yola irin na ranar ba. Da aka gama ya zare wayar intanet ya naɗe ya ba ni. Na auna akwatin kwamfutar, na je wurin mai walda na haɗa mata keji na ƙarfe mai ƙofa a daidai ramukan filashi, na sa kwaɗo. Makullin da filashin gida na zura su a igiya ɗaya na rataya a wuyana. Hajiya ta tsaya tana kallon kejin, ta ce ko kura ba a yi wa irin wannan ba. Sannan ta jawo bencina da kanta daga baya ta ajiye shi a bakin ƙofar shago, cikin inuwa, ta ce, "Tun da kai ne mai makulli, ba ka da izinin yawo. In na neme ka ban gan ka ba, aiki ya tsaya." Na yi kamar abin ya dame ni.

Yau shekaru ke nan, tsohuwar tana nan da ranta. In za a fitar da kati, ni ke ta da janareto, ni ke buɗe kwaɗo, ni ke soka filashi, in zare in rufe. Ɗalibai sun san ni, suna ce mini Baba kwastan. Wata yarinya ta taɓa yi mini kuka da hawaye wai filashinta sabo ne, ko sau ɗaya ba a sa shi a wani wuri ba. Na ce, 'yata, duk wanda ya zo nan haka yake cewa.

Injiniya kuwa ya daina zuwa, sai da salla ya zo cin nama, mu ma mu aika masa da kaza a Kirsimeti. Na ɗauka na gama da shi. Kwanan baya ina zaune a bakin ƙofa, ba wanda ya wuce ta gabana, sai na ji Hajiya tana ƙyalƙyala dariya a ciki. Na leƙa. Waya tana kunnenta, hannayenta biyu ba sa kan laftof, amma ga 'yar kibiyar nan tana yawo a allo ita kaɗai, tana buɗe wannan tana rufe wancan.

Na ce, "Hajiya, aljanu ne?"

Ta rufe bakin wayar da tafin hannu ta ce, "Injiniya ne. Daga shagonsa yake shigowa ya gyara mini. Yana gaishe ka."

Na dubi ƙofa, na dubi taga, na dubi rufi. Na ce ta tambaye shi ko ita ma sabuwar ana yi mata keji. Ta faɗa masa da Fulatanci, na jiyo dariyarsa tana fitowa ta cikin wayar har bakin titi.